Ajiya Kafin Rance: Manomin Fadamar Haɗejiya da Sha'anin Banki

Da wuya a yi taron ƙungiyar gama kai a ƙasar Haɗejiya a tashi ba a yi tambayar nan ba: "Malam, yaushe rance zai zo?" Ana yin ta a Auyo, ana yin ta a Kafin Hausa, ana yin ta a Guri da Kirikasamma. Ba kuwa tambayar ragwaye ba ce, gama masu yin ta mutane ne da ke noma damina da rani, ba su san hutu ba. Amma a wannan fitowa ina so mu ajiye ta tukuna, mu fara da wata: ina kuɗinmu ke kwana tsakanin girbi da shuka? Ƙungiyar da ta amsa wannan, ta ci rabin hanyar samun rance.

Kuɗi na zuwa, amma ba a kan kari ba

Ƙasarmu ba matalauciya ba ce. Shinkafa da alkama da riɗi da zoɓo da kankana da tattasai da kifi, duk manyan motoci na kwasarsu daga nan zuwa Kano da kudu. Sai dai noman ya sake hali. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, malalar ruwan damina da kakanninmu suka dogara da ita ba ta zuwa kamar dā, noman rani da injin ban ruwa kuwa ya yawaita. Shi noman rani tun ranar farko kuɗi yake ci: iri, taki, maganin feshi, fetur, da ladan ma'aikata. Da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin lita ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, kowane mai inji ya ji a jikinsa.

To, dubi yadda shekarar manomi take tafiya. Kuɗi na shigowa da kaka, sa'ad da kowa ya kai amfaninsa kasuwa, farashi ya faɗi. Ana bukatarsu a watan Nuwamba don alkama, da wajen Fabrairu don shinkafar rani, da Yuni don damina. A watan Agusta kuma rumbu ya yi ƙasa, zazzaɓi ya kama yara, ga kuɗin makaranta na tafe. A wannan wata ne mutum kan je wurin ɗan kasuwa ya karɓi kuɗi a kan amfanin da bai nuna ba. A ce misali ya karɓi naira 30,000 da alkawarin buhu guda, da kaka kuwa buhun ya kai naira 45,000. Watau ya biya ƙarin rabin abin da ya karɓa cikin wata uku ko huɗu. Babu bankin da ke sa ruwa mai tsada haka, amma shi ɗan kasuwa yana nan kusa, ba ya neman takarda, ba ya cewa a dawo gobe. Wani kuma gonarsa yakan jinginar, ya koma yi wa wani ƙwadago a cikinta.

Ko taimakon gwamnati yana neman mai kuɗi a hannu. A watan Nuwamba na 2023, a nan Haɗejiya aka ƙaddamar da shirin noman alkama na rani na ƙasa baki ɗaya, gwamnati ta ɗauki rabin kuɗin iri da taki. Amma sauran rabin fa, manomi ne zai biya kafin ya ɗauki kaya. Wanda ba shi da ajiya a wannan mako, rangwamen ya wuce shi yana kallo.

An sha kawo banki ƙauye

Kada mu ce ba a taɓa tunawa da manomi ba. A 1973 Gwamnatin Tarayya ta kafa bankin manoma, hedkwatarsa a Kaduna. A 1977 Babban Bankin Nijeriya ya tilasta wa bankunan kasuwanci su buɗe rassa a karkara, aka raba musu garuruwa fiye da 700 a zango uku, har zuwa 1989. A wannan shekara ta 1977 kuma aka yi dokar asusun lamuni na rancen noma, wanda ya soma aiki a 1978. Bisa ga tsarinsa, in manomi ya kasa biya, asusun yana mayar wa banki har kashi 75 cikin 100 na abin da ya maƙale. A 1989 aka buɗe bankin talakawa, watau People's Bank, mai ba da ƙaramin rance ba tare da jingina ba. A 1990 aka soma bankunan al'umma, waɗanda mutanen gari ke kafawa da hannun jarinsu.

Ina suke yanzu? Rassan karkara da yawa sun zama wurin tara ajiyar ƙauye a kai birni a ranta wa 'yan kasuwa, har Babban Banki ya kafa doka cewa a riƙa ranta wani kaso na ajiyar a yankin da aka tara ta. Da tilas ta kau, aka rufe waɗanda ba sa kawo riba. A shekara ta 2000 aka haɗe bankin talakawa da bankin manoma, daga bisani a 2010 aka sa masa sunan da yake da shi yau, Bank of Agriculture. A 2005 bankunan kasuwanci 89 suka dunƙule suka koma 25, Bankin Arewa da iyayenmu suka sani ya shige cikin Unity Bank. Bankunan al'umma kuwa aka ce su zama ƙananan bankuna masu lasisi kafin ƙarshen 2007, wanda bai iya ba ya rufe.

Na baya-bayan nan shi ne shirin Anchor Borrowers, wanda aka ƙaddamar a Jihar Kebbi a watan Nuwamba na 2015, manoman shinkafa na Jigawa da yawa suka shiga. An raba fiye da naira tiriliyan 1 a ƙasa duka. A farkon 2023 Babban Banki da kansa ya ce abin da aka biya kimanin rabi ne. A ƙarshen wannan shekara sababbin shugabanninsa suka daina irin wannan rabo.

Laifin ba na gefe ɗaya ba ne. Sau da yawa kaya sun zo a makare, bayan lokacin shuka ya wuce. Wasu da ba su taɓa riƙe fartanya ba sun shiga jerin sunaye. Ambaliya ta cinye gonakin wasu masu niyyar biya. Amma mu ma mu faɗa wa kanmu gaskiya: akwai waɗanda suka ɗauki rancen gwamnati tamkar rabon gado, suka ce ai kuɗin kowa ne. Kowane rance da aka ƙi biya, ƙofa ce aka rufe wa na baya.

Abin da banki ke tsoro

Ya kamata mu san yadda mai banki ke tunani, don mu san yadda za mu tunkare shi. Abu na fari, wahalar da zai sha a kan rancen naira 50,000 kusan ɗaya ce da ta rancen naira miliyan 5: bincike, cika takardu, zuwa duba gona, bin bashi. Saboda haka ya fi son babban mutum guda da ƙananan manoma ɗari. Na biyu, jingina. Yawancin gonakinmu na gado ne, dagaci da maƙwabta sun san iyakarsu, amma ba su da takardar shaidar mallaka irin wadda banki ke karɓa. Na uku, bai san mu ba. Bai ga shigar kuɗinmu ba, bai ga fitarsu ba, ba shi da abin da zai auna amanarmu da shi.

Mu ma muna da namu dalilan na nisantarsa. Yawancin rassan banki na wannan yanki a cikin garin Haɗejiya suke. Mutumin da ke ƙauyen Guri ko Birniwa sai ya bar aikin yini, ya biya kuɗin mota, da damina ma wani wurin sai da kwalekwale, sa'an nan ya tarar da dogon layi da takardun Turanci. Ba abin mamaki ba ne da binciken da ƙungiyar EFInA ta yi a 2023 ya nuna cewa kashi 26 cikin 100 na manyan mutane a Nijeriya ba su da hulɗa da banki ko wata hanyar ajiya da rance ko kaɗan, amma a Arewa maso Yamma, inda Jigawa take, adadin ya kai kashi 47. Kusan mutum ɗaya ke nan cikin biyu.

Banki ya shiga waya

Wani abu ya canja a shekarun nan wanda rassan 1977 ba su iya yi ba. A 2013 Babban Banki ya yarda bankuna su naɗa wakilai a cikin unguwanni da kasuwanni, su ne muke kira masu POS. Yau da wuya ka shiga kasuwar ƙauye ba ka ga ɗaya a ƙarƙashin lema ba. Da lambar BVN, wadda aka soma bayarwa a 2014, ko lambar ɗan ƙasa ta NIN, mutum na iya buɗe ƙaramin asusu ya riƙa ajiya da karɓar kuɗi ta wayarsa.

Darasin wannan ya zo mana da zafi. A watan Oktoba na 2022 aka ba da sanarwar sake takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka ce tsofaffin za su daina aiki ƙarshen Janairu na 2023, aka ƙara kwana goma. Sababbin ba su wadata ba. Mai kuɗi a tukunya ya rasa inda zai kai su, gama canjin hannu da hannu da aka shirya wa mutanen karkara bai wuce naira 10,000 ga mutum ɗaya ba. Mai kayan gwari da ba ya karɓar kuɗi ta waya ya sayar da hasara, ko ya zuba ido kayansa suka ruɓe. Sai a ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin. Dattawa sun tuna an yi irin wannan a 1984. Wanda ke da asusu ya wahala wajen cire kuɗi, amma wanda ba shi da shi ya fi shi wahala.

Sai dai a kula. Lambar sirri ta katinka kamar mabuɗin rumbunka ce, kada ka faɗa wa mai POS, kada ka faɗa wa wanda ya kira ka a waya ya ce daga banki yake, gama banki ba ya tambayarta. In ka sayar da kaya aka ce an tura maka kuɗi, kada ka dogara da saƙon da mai saye ya nuna maka, ka duba naka asusun ka ga sun shiga kafin mota ta tashi. Kuma duk wanda ya ce ka kawo dubu goma ka karɓi dubu ashirin bayan wata guda, ka guje shi. MMM ta rushe da kuɗin mutane a watan Disamba na 2016, CBEX ta yi haka a watan Afrilu na 2025. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Kuma mu lura, waya tana taimakonmu wajen ajiya da aikawa, amma ba ta warware maganar rancen noma ba. Wannan sai mu koma ga junanmu.

Dubarar matan Maraɗi

Ba sai mun je nesa neman misali ba. A 1991, a ƙasar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, ƙungiyar agaji ta CARE ta soma wani aiki da matan ƙauye Hausawa irin namu, aka sa masa suna Mata Masu Dubara. Ba a kawo musu jari daga waje ba. Adashin da suka sani tun wurin iyayensu aka gyara. A adashi, kowa sai ya jira ranar kwasarsa, ko bukatarsa ta zo ko ba ta zo ba. A sabon tsari kuwa, ana zuba kuɗi kowane mako a cikin akwati, mai bukata ya ranta ya mayar da ɗan ƙari bayan 'yan watanni, a ƙarshen shekara a fasa, kowa ya ɗauki abin da ya zuba da rabonsa na ƙarin. Wannan dubara da ta fito daga ƙasar Hausa yau miliyoyin mutane ne ke aiki da ita a Afirka da Asiya.

Ga yadda aka saba tsara ta. Mutum 15 zuwa 25 da suka san halin juna. Shugaba, magatakarda, ma'aji, da masu ƙirga biyu. Akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, mabuɗan a hannun mutum uku dabam, shi mai ajiye akwatin ba shi da mabuɗi ko ɗaya. Ba a buɗewa sai a gaban taro, ba a karɓar kuɗi ko bayarwa a bayan ɗaki. Kowa na da ɗan littafinsa da ake buga masa shaida. Ba a ranta wa mutum fiye da ninki uku na abin da ya ajiye. Ban da wannan akwai ƙaramin asusun taimako na rashin lafiya da rasuwa, wanda ba rance ba ne.

Ku yi lissafin da kanku. In mutum 20 suka zuba naira 1,000 kowane mako, a mako 50 sun tara naira miliyan 1, ba su roƙi kowa ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Mu 'yan ikilisiya ba baƙi ba ne a wannan aiki. A ƙasar Jamus, wani magajin gari mai tsoron Allah, Raiffeisen, ya fara da roƙon masu arziki su tara kuɗi a ranta wa talakawan manoma. Da ya ga abin bai ɗore ba, sai a 1864 ya kafa ƙungiyar da masu rancen su ne masu ita, kowa na tsaya wa ɗan'uwansa. A Jirapa ta arewacin Gana kuma, wani fada na Katolika, John McNulty, ya kafa ƙungiyar ajiya da rance a 1955 tare da mutanen majami'arsa. Darasin ɗaya ne a wuraren uku: mutum ya fi tsaron kuɗin da guminsa ke ciki.

Amma akwati kaɗai bai ishe mu ba

A nan ne fadamar Haɗejiya ta bambanta da tudun Maraɗi, kuma dole mu yi tunanin kanmu. Akwati yana aiki ne domin masifa ba ta faɗa wa kowa rana ɗaya. Yau ɗan wane ba shi da lafiya, gobe san wane ya mutu, sauran suna nan tsaye suna zubi. Amma ambaliya ba ta zaɓe. A 2020, da kuma 2022 wadda ta fi muni, ruwa ya shafe gonaki da gidaje a ƙananan hukumomin bakin kogi. Ga kacala da ta toshe hanyoyin ruwa, tana sa shi ya bi inda ba a zata ba, tana kuma ba jan baki mafaka. In dukan mutum 20 shinkafa suka shuka a fadama ɗaya, dukansu kuma suka ci rance a watan Yuni, to a watan Satumba babu mai biya, babu mai zubi, kowa kuma mai bukata ne. Shi akwatin ma a ɗakin ƙasa yake kwana.

Saboda haka ina ba ƙungiyoyinmu shawara huɗu. Ta fari, kada a rantar da kuɗin duka da damina, a bar wani kaso, ko sulusi ne, don ranar ruwa. Ta biyu, wannan kaso ya kwana a banki, inda ruwa da wuta da ɓarawo ba sa kai wa gare shi. Ta uku, a gauraya membobi: mai gonar tudu da mai fadama, masunci, mai kiwo, mai turara shinkafa, mai ɗinki, don kada rana ɗaya ta kwantar da kowa. Ta huɗu, in za a ci babban rance, a nemi inshorar amfanin gona. Hukumar NAIC ce ke wannan aiki, shirin kuwa tun 1987 aka soma shi, kuma bisa ga tsarinsa gwamnati ke ɗaukar rabin kuɗin inshorar kayan abinci. A tambaya da kyau abin da takardar ta ƙunsa, da kwanakin da aka ba mutum ya kai rahoto bayan ɓarna.

Akwai wani ɓarawo kuma da kwaɗo uku ba sa tsare shi, watau tsadar kaya. Hukumar ƙididdiga ta ce a watan Disamba na 2024 farashi ya hau da kashi 34.8 cikin 100 a shekara guda, ɗan ƙarin da banki ke ba mai ajiya kuwa bai kusanci haka ba. Don haka kada a tara kuɗi don tarawa kawai. A sa ranar fasa akwati ta zo daidai da bukata, ƙarshen Oktoba ga masu alkama, ko watan Mayu ga masu jiran damina. Ƙungiya na iya sayen taki a dunƙule kafin ya yi tsada, ko ta sayi hatsin membobinta da kaka ta adana, ta sayar musu da sauƙi a watan Agusta. Abin da Yusufu ya yi a Masar ke nan, sai dai namu rumbun a gina shi a kan tudu.

Daga akwati zuwa banki

In ƙungiya ta yi shekara ɗaya ko biyu tana tafiya daidai, lokaci ya yi da za ta gabatar da kanta. A rubuta dokokin ƙungiya, a yi rajista a ofishin ƙungiyoyin gama kai na jiha, a karɓi takardar shaida. A buɗe asusu da sunan ƙungiya, ba da sunan shugaba ba. Mutum uku su zama masu sa hannu, kuɗi kada su fita sai biyu sun sa. Saƙon shiga da fitar kuɗi ya riƙa zuwa wayar mutum fiye da ɗaya, a kuma karanta shi a gaban taro.

Kafin ku kai ajiya ko'ina, ku tabbata wurin yana da lasisin Babban Banki, yana kuma ƙarƙashin hukumar NDIC mai biyan masu ajiya in banki ya rushe. Bankuna na rushewa: a watan Mayu na 2023 an soke lasisin ƙananan bankuna 179, a watan Yuni na 2024 aka soke na Heritage Bank. Tun 2024 NDIC na lamunce wa mai ajiya har naira miliyan 5 a babban banki, da miliyan 2 a ƙaramin banki. Wanda ya kai kuɗinsa wurin da ba shi da lasisi, ba shi da mai share masa hawaye.

Yanzu ku koma kan abubuwa ukun nan da banki ke tsoro. Maimakon ƙananan manoma 20, ga mai hulɗa guda. Maimakon baƙon da ba a sani ba, ga littafin shekara biyu da ke nuna wanda ya zuba, da wanda ya ranta, da ranar da ya biya. Maimakon takardar gona, ga ajiyar ƙungiya da lamunin juna, kuma tun 2017 akwai dokar da ta yarda a jinginar da kayan da ake iya ɗauka, kamar inji ko dabbobi ko hatsi a sito. Ban ce kowane banki zai buɗe muku ƙofa ba. Amma mai littafi a hannu yana da bakin magana, yana kuma iya ƙin rancen da ya zo a makare ko wanda ruwansa ya fi ribar gonar.

Maƙwabta, mata, da sunan ikilisiya

Mu kaɗan ne a wannan ƙasa, kogi ɗaya muke sha da maƙwabtanmu Musulmi, ruwa ɗaya ke cin gonakinmu. Ƙungiya za ta fi ƙarfi in ƙofarta a buɗe take gare su. Da yawansu ba sa yarda da rance mai ruwa, mu ma Littafi bai bar mu mu ci da gumin matalauci ba. Akwai hanyar da za ta gamshi kowa: maimakon a ba mutum kuɗi da ruwa, ƙungiya ta sayi takin ko injin da kanta, ta sayar masa da ribar da aka yi ciniki a kai tun farko, ya biya da kaka, ba ƙari ko ya makara. Irin wannan ciniki ne bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa ke yi, kamar Jaiz da ya soma aiki a 2012.

Zumuntar Mata kuma kada a bar ta a baya. Mata ne ke turara shinkafa, su ke kiwon awaki da kaji, su suka riƙe adashi tun fil azal. Kowace ta sami littafi da sunanta, in ta buɗe asusu ya kasance da sunanta da lambar wayarta. Maigida mai hankali ya san ajiyar uwargida ita ce ke ceton gida a watan Agusta.

Abu na ƙarshe, kuɗin ƙungiya dabam, baikon majami'a dabam. Kada a haɗa su a jaka ɗaya ko littafi ɗaya. Fasto ya yi addu'a ya ba da shawara, amma kada a ɗora masa akwati ko mabuɗi, domin in gardama ta tashi a sami wanda zai raba. Dattijon ikilisiya da ya ci rance ya biya a kan lokaci kamar kowa, ya ma riga kowa. Maƙwabtanmu ba sa zuwa su ji wa'azinmu ran Lahadi, amma sun san wanda ke biyan bashi da wanda ba ya biya.

To, 'yan'uwa, a taronku na gaba ku kawo waɗannan tambayoyi: Mu nawa ne ke da asusu da sunansu? Nawa za mu iya zubawa kowane mako ba tare da mun takura ba? Wane wata muka fi bukatar kuɗi? In ruwa ya zo bana, nawa za mu tarar a gefe? Ku rubuta amsoshin a littafin ƙungiya, ku sa ranar zubin fari tun kuɗin kaka ba su watse ba. Ƙungiyar da ta soma, ta aiko da labarinta a buga don wasu su koya.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu daga ambaliya, ya sa mu zama masu riƙon amana. Amin.